Jiji, Facebook, WhatsApp ko hannun dillali: ina ya dace ka tallata motarka?

Da can, in mutum zai sayar da motarsa, hanyoyin ba su wuce uku ba: ya ɗora mata jarka a kan rufi ya ajiye ta a bakin titi, ko ya liƙa takarda mai lambar wayarsa a gilashin baya, ko ya miƙa wa dillali makulli ya koma gida yana jiran kira. Yau da wayar hannu kaɗai mutumin Zariya zai nuna wa na Fatakwal motarsa ciki da waje. Sai dai sauƙin ya zo da nasa ciwon kan, domin wuraren tallar sun yi yawa, kuma kowanne da irin mutanen da yake kawo maka. Wanda ya kai motarsa inda bai dace ba, sai ya share wata guda yana amsa wayar masu cewa "nawa ne ƙarshe?" ba tare da ko mutum ɗaya ya zo ya ɗaga bonet ba.

Duk wuraren nan a kan abu biyu suka bambanta: yawan idon da zai ga motar, da yardar da mai ganin zai yi da kai tun kafin ku haɗu. Kusan kullum in ɗaya ya ƙaru, ɗayan raguwa yake yi. A WhatsApp mutane kaɗan ne za su gani, amma sun san ka, ko sun san wanda ya san ka. A Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, dubbai za su iya gani, amma a wurinsu kai baƙo ne, baƙon da ke sayar da mota a intanet kuwa abin zargi ne har sai ya wanke kansa. Don haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, wanne motarka ta fi buƙata, ido ko yarda? Sannan yaya kuɗin suka matse ka?

Kasuwar ma ba ta da ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin shekarar, shigo da mota daga waje ya yi tashin gwauron zabi, domin da dala ake sayo ta, kuɗin kwastan ma da canjin dala ake lissafa shi. Mutane da dama da a da ba sa sayen komai sai 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, yanzu sun dawo neman ta hannu mai lafiya. Wannan ya yi wa mai sayarwa daɗi. Amma mai saye ya ƙara tsantseni, kuma shan mai ya shigo cikin tambayoyinsa na farko. Mota mai silinda huɗu, irin Corolla ko Civic ko Vibe, kusan ita ke sayar da kanta. Mai silinda shida sai an nemo mata mai so, kuma mai son nan ba lallai ne yana cikin unguwarku ba.

WhatsApp: ciniki da waɗanda suka san ka

Nan kusan kowa yake farawa ko bai shirya ba. Ka ɗora hotuna a sitatus, ka tura zauren 'yan ajinku da na ofis da na unguwa. Ba ka biyan ko sisi, ba mai tace maka talla, wanda ya kira ka kuma da gaisuwa zai fara, ba da tayi ba. Babbar fa'idar ita ce tarihin motar yana tafiya tare da hotonta. Abokin aikinka ya san daga gida zuwa ofis take zuwa, ya san ba ta taɓa yin haya ba, wataƙila ma bakanikenku ɗaya. Abin da za ka sha wahalar tabbatar wa baƙo, a nan an riga an sani. Shi ya sa motar malamin makaranta ko ta ma'aikaciyar asibiti, wadda hannu ɗaya ya riƙe shekara da shekaru, sau da yawa ba ta ma isa kasuwa ake ɗauke ta.

Amma zauren ƙarami ne. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda yake da lambarka kai ma kake da tasa zai gani. In an yi mako babu wanda ya motsa, to mutanenka sun gama gani. Sake ɗorawa kullum sai dai ya sa a fara raɗe-raɗin ko motar tana da wata matsala.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kunya. Wanda ya san ka zai ce, "Haba Yaya, har da ni za a yi wa wannan kuɗin?" Ko ya ce zai ba da rabi yanzu, sauran in an yi albashi. In ka ƙi, an ce ba ka da zumunci. In ka yarda, ka rabu da mota ka shiga bin bashi. Bayan wata shida kuma in giya ta fara fizga, kai za a kira, ko a yi maka zancen a wurin ɗaurin aure. Cinikin baƙo yana ƙarewa ranar da aka miƙa makulli, na ɗan'uwa kuwa yakan daɗe yana bin mutum. Ni a ganina, in za ka sayar wa na gida, ka yanke ragin da za ka iya yi masa tun kafin ya tambaya, ka faɗa sau ɗaya, kuma kuɗi ya zama hannu da hannu.

Akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Hoton da ka saka a zaure ya fita daga hannunka. Kafin magariba wani ya kwashe ya ɗora a nasa sitatus da ƙarin dubu ɗari uku a kai, na gaba ya kwashe daga wurinsa ya ɗora nasa. Motarka tana yawo a gari da farashi uku, babu naka a ciki, mai saye na gaskiya ya gani ya ce ta yi tsada ya wuce. Maganin mai sauƙi ne: ka rubuta farashi da lambar wayarka a jikin hoton kansa, a wurin da in an yanke sai an yanke motar. In kuma wani ya nemi hotuna don ya duba sosai, ka tura masa su a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta rage masa haske.

Jiji: inda masu nema suke

An kafa Jiji a Legas a 2014, a 2019 ta karɓe harkokin OLX, wani shafin talla irinta, a Najeriya da Gana da Kenya da wasu ƙasashen Afirka, tun daga nan ta zama babbar kasuwar irin wannan talla. Bambancinta da sauran shi ne, wanda ya shiga ɓangaren motoci ba hira ta kawo shi ba, nema yake yi. Zai zaɓi jiha, ya zaɓi ƙirar mota da shekara, ya sa iyakar kuɗinsa, ya ce ta waje yake so ko ta gida. A Facebook da WhatsApp tallarka faɗo wa mutum take yi yana cikin wata sabga; a nan shi ya zo da ƙafarsa.

Ko ba a nan za ka sayar ba, ka leƙa kafin ka yanka farashi. Ka nemo irin motarka, shekara ɗaya da taka, a jiharku da Abuja da Legas, ka duba goma ko ashirin. Ka tuna kuɗin da ka gani wanda aka ambata ne, ba wanda aka sallama ba. Masu tsadar can sama su ne suka daɗe ba su tafi ba, masu arhar da ta wuce hankali kuma yawanci tarko ne na masu cewa a turo kuɗi kafin a ga mota. Farashin gaskiya yana tsakiya.

Mai mota ɗaya yana iya saka tallarsa ba tare da ya biya ba, kuma sai an duba ta kafin ta fito. Amma manyan diloli suna biyan kuɗi don tasu ta riƙa zama a sama, taka kuwa bayan 'yan kwanaki ta nutse. Za a yi ta nuna maka cewa kai ma ka biya a ɗaga taka. Kada ka yi gaggawa. In mutane suna buɗe tallar amma babu kira, matsalar farashi ce ko hotuna, biyan kuɗi sai dai ya ƙara yawan waɗanda za su gani su wuce. In kuwa ba a ma buɗewa, kuma motar mai tsada ce, to biyan yana da amfani.

A nan da Turanci za ka rubuta, ko da a Kano kake, domin da shi ake bincike. Ka cike duk guraben da aka tanada: shekara, giya, mai, launi, nisan tafiya. Wanda ya bar gurbi fanko, tallarsa ba ta fitowa ga mai neman da ya tace da wannan gurbin. Ka haɗa da sunan da aka fi sanin motar da shi a kasuwa, domin mutane da yawa da shi suke nema: Accord ta 2003 zuwa 2005 EOD ake ce mata, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma Muscle.

Mai sayarwa daga Arewa yana da fifiko ɗaya da cikas ɗaya a Jiji. Masu saye da yawa daga kudu suna ganin motar Abuja ko ta Arewa ta fi ta Legas hutawa, ba cunkoso, ba ruwan ambaliya, ba tsatsa. Cikas ɗin kuwa takardar kwastan ce. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma kowa ya san motocin Kwatano ba su daina ɓullowa ta ɓarauniyar hanya ba. Don haka mutumin da zai tuƙa mota daga Kano zuwa Ibadan, ya ratsa shingayen kwastan, tambayarsa ta farko takarda ce. In taka cikakkiya ce, ka sa wannan a layin farko na tallar. In babu, Jiji ba wurinka ba ne. Wanda zai saya a haka na kusa ne, kuma sai ka faɗa masa gaskiya ka rage kuɗi.

Sai 'yan damfara, waɗanda duk inda ido ya yi yawa suna nan. Wani zai kira ba tare da tayi ba ya ce, "Ranka ya daɗe, maigidana ne yake so, yana ƙasar waje, direba zai zo ya ɗauka." Wani ya turo maka alat na bogi da kuɗin da ya fi wanda kuka yi, ya ce ka maido masa rarar. Wani ya ce an turo maka wasu lambobi shida a waya, ka karanto masa don ya tabbatar kai ne mai motar. Lambobin nan na WhatsApp ɗinka ne, kana faɗa ya ƙwace shi ya shiga roƙon mutanenka da sunanka. Alamarsu ɗaya ce: ba sa tambayar motar. Mai saye na gaske yana da fitina, zai tambayi inji, ya tambayi esi, ya kushe fenti.

Facebook: tsaka-tsaki, da surutu

Facebook kamar majalisar bakin titi ce, mai saye yana ciki, ɗan kallo yana ciki, mai neman abin faɗa ma yana ciki. Hanya biyu ce a nan: Marketplace, wato ɓangaren kasuwa na Facebook, da zaurukan saye da sayarwa na garuruwa. Marketplace yana fara nuna tallarka ga waɗanda ke kusa da kai, wanda ya dace da mota, tunda abu ne da sai an zo an gani. Kuma akwai 'yar yarda da Jiji ba ta da ita: mai saye yana iya buɗe shafinka ya ga fuskarka, ya ga abokan da kuka haɗa. Kai ma haka. Shafin da aka buɗe watan jiya, mai hoto ɗaya, babu abokai, ka san abin da kake kallo.

Wannan buɗewar tana da nata hatsarin. Wanda ya ga motarka yana iya ganin 'ya'yanka da ƙofar gidanka da wurin aikinka, kuma ya san nan da 'yan kwanaki kuɗi za su shigo hannunka. Kafin ka saka talla, ka rufe abin da ya kamata a rufe.

Za ka sha saƙon "tana nan?" daga mutanen da ba za su sake magana ba, domin dannawa ɗaya ke tura shi. A zauruka kuma ciniki a bainar jama'a ake yi. Wani da ko keke bai yi niyyar saye ba zai rubuta, "Malam, wannan ai ko rabin kuɗin ba ta kai ba," kowa ya karanta. Kada ka tanka. Amma duk da surutun, ga motocin neman abinci, irin Golf 3 da Sharon da Fijo 406 da Vectra, Facebook ya fi Jiji. Masu sayen su direbobi ne da masu saya wa yaro ya yi haya, suna kusa, da Hausa suke ciniki, kuma saƙon murya ya fi musu rubutu.

Instagram da TikTok ba sa buƙatar dogon bayani. In ba ka da mabiya, babu mai gani. Sai dai ka biya masu shafukan tallar motoci su ɗora maka, su kuwa yawancinsu dillalai ne da waya mai kyau. Ga Marsandi ko Lexus mai sheƙi a Abuja ko Kano, suna iya kawo mai saye. Ga tsohuwar Civic, asarar kuɗi ce.

Cars45, ga wanda lokaci ya ƙure wa

Cars45 ya fara aiki a 2016, Jiji ta saye shi a 2021. Wannan ba talla ba ce a zahiri. Kana kai motar cibiyarsu, su duba ta ciki da bai, su fitar da rahoto, sannan a yi maka tayi. In ka sallama, kuɗi ba ya daɗewa, kuma ka huta da amsa waya da haɗuwa da baƙi. Farashin hutun shi ne tayin yakan gaza abin da za ka samu in ka yi haƙuri ka nemi mai saye da kanka, domin wanda ke sayen shi ma sayarwa zai yi ya ci riba. Wanda kuɗin asibiti ko na makaranta ya taso masa, ko aka yi masa canjin wurin aiki, kuma akwai cibiyarsu kusa da shi, wannan hanya ce mai tsabta. Ko bai sallama ba, ya san ƙasan farashin motarsa.

Dillali bai tafi ko'ina ba

Masu ganin intanet ta kawo ƙarshen dillanci ba su sayar da mota kwanan nan ba. Ka saka talla a kowane wuri cikin waɗannan, cikin masu kiran farko akwai dillali, wani zai faɗa, wani zai ce wansa ne yake so. Su ma suna da zaurukansu na WhatsApp, inda hoton mota ke zaga Kano da Kaduna da Abuja cikin sa'a guda.

Kuma a faɗi gaskiya, dillalin kirki yana cin guminsa ne. Ya san wanda yake da kuɗi a hannu yau. Yana shanye zafin ciniki, ya je ya dawo tsakanin "albarka" da "a ƙara" ba tare da fuskokinku sun ɓaci ba. Yana tsayawa shaida, in wata magana ta taso daga baya an san inda za a same shi. Ga mace mai sayar da mota, ko magadan da ke sayar da ta mamaci, ko dattijon da ba zai iya zaman amsa waya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ake samun rigima shi ne yadda za a biya shi. Ko dai la'ada ce, ka faɗi kuɗinka, in an sayar ka ba shi abin da kuka yi alkawari, ko kuma ya ce, "Alhaji, faɗi naka kawai, abin da na ɗora nawa ne." Ta biyun tana da daɗin ji, amma ita ke sa mota ta kwana a kasuwa, domin ɗorin na iya yin yawa har ya kori masu saye, kai kana gida kana zaton kasuwa ce ba ta ja. Na fi son la'ada bayyananna, a faɗe ta gaban shaida tun ranar farko, kuma mai mota ya haɗu da mai saye ido da ido ranar biya. In za ka bar motar a wurinsu, ka ɗauki hoton mitar tafiya da ta mai da batir da tayoyi, har da abin tace hayaƙin nan na salansa da makanikai ke kira indomi, domin yana da tsada kuma masu saye suna tambayarsa. Takardun asali kuma su zauna a gida.

To wanne za a zaɓa? In motar ta yau da kullum ce, mai lafiya, kuma ba a matse kake ba, ka ba WhatsApp kwana uku zuwa biyar shi kaɗai. In ba ta tafi ba, ka saka a Jiji da Marketplace rana ɗaya, farashi ɗaya, hotuna ɗaya. Mai saye mai wayo yana duba duka biyun, in ya ga farashi biyu ya daina yarda da kai. In motar mai tsada ce ko mai silinda shida, kada ka ɓata lokaci a zauren unguwa, Jiji za ka nufa kai tsaye, domin ita ido take buƙata. In ta haya ce ko ta tsufa, Facebook da tasha da dillalin da ya san direbobi. In kuɗin na gobe ne, Cars45 ko dila mai saye nan take, ka haƙura da ragin. Abin da ba na ba da shawara shi ne a ba dillalai huɗu mota ɗaya a kuma saka ta a intanet; ranar da aka sayar kowannensu zai ce shi ya kawo mai sayen.

Hotuna da rubutu

Duk inda ka zaɓa, hoto ne zai sa a kira ka. Ka wanke ta ciki da waje, ka kwashe carbi da takalman yara da robobin ruwa, ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba lokacin da haske ke ƙone launi. In lokacin hunturu ne, ka ɗauka da zarar an gama wanki, kafin ƙura ta sake hawa. Kada ya zama a ƙofar gidanka, kuma ka rufe lambar motar. Gaba, baya, gefe biyu, kujeru, but, tayoyi. Hoton dashbod ka ɗauke shi inji yana aiki, don a ga nisan tafiya a kuma ga babu fitilar da ke kunne. Injin kuwa a goge shi kawai; wanda aka wanke yana ƙyalli yana sa bakanike ya yi zargin yoyon mai ake ɓoyewa. Gajeren bidiyo na tayar da mota da safe, a ji ƙarar inji a ga bakin salansa, ya fi hoto goma.

Sannan ka ɗauki hoton lotsawar nan ta ƙofar baya da hannunka. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma mai saye yana da haƙƙin maido da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Ko ta fuskar kasuwa ma, aibin da ka faɗa da bakinka dubu hamsin zai rage maka; wanda bakaniken mai saye ya gano da kansa, a kan komai zai sa shakka, har abin da lafiyarsa ƙalau. In ka ce fes bodi ce, wato fentinta na asali ne, alhali an taɓa fesa mata gefe, ɗan fentin da ya zo da shi zai shafa da hannu ya gane.

Rubutun ya zama gajere mai cike da abu, misali: "Corolla LE 2010, otomatik, silinda 4. Hannu ɗaya tun shigowarta. Takardar kwastan cikakkiya. Esi yana sanyi, inji ba a taɓa buɗewa ba. An yi fentin bamban gaba, tayoyin baya sun kusa canji. Tana Kaduna, a zo da bakanike." Sai farashi. Masu rubuta "a kira don jin farashi" suna korar mai saye na gaske, suna tara 'yan tambaya. Ka ɗora kaɗan don ciniki, tunda ba wanda zai saya bai taya ba, amma ka san ƙarshenka a ranka kafin wayar farko ta shigo.

Ranar haɗuwa da ranar biya

Kafin ka saka tallar ma, ka haɗa takardu: na kwastan, shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota, da inshora. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wa motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ba ta kai a bar ta ta mutu har ta zama abin rage maka kuɗi ba. Wanda ya nuna da gaske yake, kana iya ba shi lambar shasi ya bincika, amma kada ka tura wa kowa hoton cikakkun takardunka. Da su ake yi wa motar sata takardun bogi, da su kuma ake damfarar wasu da sunanka.

A haɗu da rana, a wurin jama'a, gidan mai ko garejin da ka sani, kuma kada ka je kai kaɗai. In za a gwada ta, kana ciki, makulli ba ya barin hannunka sai kun zauna duka. Bakanikensa ya duba yadda yake so, amma a gabanka, kuma ba a kwance komai.

Wajen biya, saƙon alat ba shaida ba ne, hoton rasit ma haka. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusunka. Ya fi kyau ku tafi banki tare a ranar aiki, musamman da yake turawa ta waya tana da iyaka a rana, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Wanda ya matsa sai an yi ciniki da yammacin Juma'a, ya ce kuɗin za su shigo Litinin, ya dawo Litinin ɗin ya ɗauki mota. In ya ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe, da abin da zai faru in ya fasa.

A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da kuɗi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka riƙe kwafin katin shaidar mai saye. Kada ka yarda da "zan yi daga baya" a kan canjin mallaka. Ku je ofishin lasisi a yi shi, domin lambar da ke jikin motar da sunanka aka yi mata rajista, in aka yi hatsari ko aka aikata laifi da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Daga nan ka sauke tallar daga Jiji da Facebook da duk zauren da ka saka ta, ka kuma sanar da dillalin da ka taɓa yi wa maganar cewa an sayar.